Ƙofa ɗaya, igiya ɗaya: tarihin nutso a ƙarƙashin ƙanƙara



Na san wani zai ce: "Kai kamarad, mi ya haɗa ɗan Maradi da ƙanƙarar teku?" Yana da gaskiya. Ban taɓa ganin teku da idona ba, kuma ƙanƙarar da na sani ita ce ta leda, wadda muke rububi a watan azumi. Abin ya faro ne a watan Afrilun bara, wani dare da aka ɗauke kuran, muka fito da tabarmi waje muna shan shayi a fada. Abokin ɗakina ya kunna mana wani fim a salularsa, na wani Bafaranshe mai ɗaukar hoto, Laurent Ballesta, da abokan aikinsa suna shiga wani ɗan rami a cikin ƙanƙarar Antaktika, can ƙarshen kudancin duniya, da tukwanen iska a bayansu. Wani daga cikinmu, gumi na zuba masa, ya ce: "Walle da ni ne, ko riga ba ni sawa, faɗawa kawai za ni yi." Kowa ya yi dariya. Ni kuwa hankalina ya tafi ga mutanen da suka rage a bakin ramin suna jira, don na taɓa tsayawa irin wannan tsayuwa.

Abin da rijiya ta koya mini

Ina da shekara 15 aka tashi yasar rijiyar ƙauyenmu, mai zurfin gaba ashirin da wani abu. Kawuna ne ke jagorancin aikin. Na ce masa: "Kawu, a bar ni in shiga mana." Ya dube ni ya ce: "Ɗana, ba daga ciki ake fara koyon rijiya ba. Kama igiya." Na ji haushi, don a ganina riƙon igiya aikin raggaye ne. Ya bayyana mini cewa wanda ke ƙasa ba ya da baki sai igiyar nan: in ya ja sau ɗaya guga ya cika, in ya ja da sauri-sauri shi kansa za a fiddo. Aiki ya yi nisa, sai wata mota ta gifta, na bi ta da kallo. Kawu ne ya ga igiyar tana rawa a hannuna, ya daka tsawa: "Ku ja! Ku ja!" Mutumin ya fito ba ya iya tsayuwa, iskar ƙasan ce ta ɓaci. Ya farfaɗo, Allah ya kiyaye. Kawu bai buge ni ba. Ya ce kawai: "Da ka ƙara kallon hanya kaɗan, da yanzu kushewa muke gina."

Wannan ne ya sa na shiga karanta tarihin masu nutso a ƙarƙashin ƙanƙara. Abin da na gano shi ne, a cikin shekara ɗari da ashirin da wani abu, abin da ya fi bunƙasa a wannan sana'a shi ne shiri da horo, kuma kusan kowace doka ta horon tana da wata wahala da aka sha kafin a kafa ta.

Mi ya sa ƙanƙara ta fita daban

Mai nutso a kogi ko a buɗaɗɗen teku, in abu ya ɓaci, yana da mafita: ya taso sama ya sami iska. Wanda ke ƙarƙashin ƙanƙara kuwa rufi ne a kansa, wani lokaci mai kaurin metir biyu ko fiye, kuma ba ya fasuwa da hannu ko da wuƙa. Hanyar fita ita ce ramin da ya shiga. In ya ɓace masa, ko da yana da nisan taku goma, iskarsa za ta ƙare yana nema.

Sai sanyi. Ruwan daɗi yana daskarewa a sifiri, na teku kuwa, saboda gishiri, sai ya kai kusan digiri 2 ƙasa da sifiri. Jikin mutum yana aiki ne a digiri 37, in ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari. Ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska kamar sau 25. Wanda ya faɗa irin wannan ruwa ba shiri, kamar yadda abokinmu na fada yake buri, a minti na farko numfashi ne zai ƙwace masa, ya riƙa haki ba da sonsa ba, in kansa na cikin ruwa ya shaƙe shi. Bayan ƴan mintoci yatsu su sandare, ya kasa ko kwance ƙulli. Mutane da yawa suna nutsewa tun kafin sanyin ya kai ga zuciya.

Kafintan jirgin Gauss, 1902

A watan Agustan 1901 wani jirgin ruwan Jamus mai suna Gauss ya tashi daga Kiel zuwa Antaktika, ƙarƙashin jagorancin masanin ƙasa Erich von Drygalski. A Fabrairun 1902 ƙanƙara ta kama jirgin ta riƙe shi shekara guda cur. Jirgin katako ne, kuma ƙasansa na bukatar dubawa da gyara. Kafintan jirgin, Willy Heinrich, shi ya sa kayan nutso ya sauka, kuma shi ake lissafawa a matsayin mutum na farko da ya yi nutso a ƙarƙashin ƙanƙarar Antaktika.

Kayan zamanin su ne waɗanda suka yaɗu daga Ingila tun wajen 1840, daga masana'antar Augustus Siebe: kwalkwalin tagulla mai tagogin gilashi, riga mai hana ruwa shiga, takalma masu nauyin darma, da tiyo da ke kawo iska daga famfon da mutane ke juyawa da hannu a sama. Ku lura da wannan: Heinrich ba ya iya shaƙar numfashi ɗaya sai wani ya juya masa famfo, kuma igiya na ɗaure da shi. Ba zai ɓace ba, ba zai yi nisa ba. Littattafai sun riƙe sunansa, masu juya famfon kuwa ba a cika ambatonsu ba. Jirgin ya kuɓuta a Fabrairun 1903, bayan ma'aikatansa sun shimfiɗa toka da shara a kan ƙanƙara don baƙin ya jawo zafin rana ya narkar musu da hanya.

Ranar da aka rabu da tiyo

A 1943, lokacin yaƙin duniya na biyu, wani hafsan sojan ruwan Faransa, Jacques-Yves Cousteau, da wani injiniya, Émile Gagnan, suka haɗa na'urar da ta canza komai. Gagnan ya riga ya ƙera wani detanda don motoci su yi aiki da gas saboda ƙarancin man fetur. Detanda kun san shi, shi ne kan da ake ɗaura wa tukunyar gas don rage ƙarfin abin da ke fitowa. Suka gyara shi yadda zai ba mutum iska daidai lokacin da ya ja numfashi, daidai da nauyin ruwan da ke kansa. Daga nan mai nutso ya goya iskarsa a baya, ya rabu da tiyo da masu famfo.

Ƴanci ya samu, amma a ƙasashen sanyi ya zo da matsaloli biyu. Ta farko, wanda ba ya ɗaure yana iya ɓacewa. Ta biyu, detanda yana daskarewa. Iskar da ke cikin tukunya a matse take, kamar ninki 200 na wadda muke shaƙa. In ta fito ta buɗe sai ta yi sanyi ƙwarai. A ruwan ɗumi ba komai, ruwan ne ke ɗumama ƙarfen. A ruwan da ke dab da daskarewa kuwa, ƙanƙara kan taru a cikin na'urar ta hana ta rufewa, iska ta riƙa kwarara ba tsayawa, tukunyar da za ta kai sa'a guda ta ƙare cikin ƴan mintoci. Mutum yana ƙarƙashin rufi, iskarsa tana tsiyayewa yana kallo.

Shekarun koyo

Bayan yarjejeniyar Antaktika ta 1959, wadda ta keɓe nahiyar ga zaman lafiya da bincike, masana suka riƙa shiga ruwan da kansu. A tashar Amurka ta McMurdo, wani mai suna Verne Peckham ya yi nutso a 1961 da 1962, har cikin damunarsu ta duhu da rana ba ta fitowa wata da watanni. A 1965 zuwa 1966 masana uku na Tarayyar Sobiyet, Mikhail Propp da Evgeny Gruzov da Alexander Pushkin, suka yi nasu kusa da tashar Mirny. A cikin shekarun 1960 ɗin nan ne Paul Dayton ya kafa kejina a ƙasan tekun McMurdo don ya ga yadda halittun wurin ke girma da cin juna. Da ya koma a 2010 ya tarar da kayansa suna nan.

Da yawa daga mutanen wancan lokaci da rigar roba suke shiga, irin wadda Hugh Bradner ya ƙirƙiro a Amurka a 1952. Ruwa yana shiga cikinta kaɗan, jiki ya ɗumama shi. A ruwan ƙanƙara wannan azaba ce, ba a daɗewa. Sannu a hankali aka koma ga busasshiyar riga, wadda ke rufe wuya da wuyan hannu, a sa kayan ɗumi a ciki, a kuma hura mata iska daga tukunya don kada nauyin ruwa ya matse ta. Ita ma sai da horo, don in iska ta taru a ƙafafu sai ta juya mutum kai ƙasa ta cilla shi sama ya bugi rufi.

A arewa, wani likita ɗan Kanada, Joseph MacInnis, ya jagoranci tafiye-tafiye zuwa Resolute daga 1970, yana nazarin abin da sanyi ke yi wa jiki da kayan aiki. A 1972 suka kafa wani ɗaki mai siffar ƙwallo, mai gani har hanji, a ƙarƙashin ƙanƙara, suka sa masa suna Sub-Igloo, inda mai nutso zai shiga ya huta ya yi magana da ɗan uwansa. A 1974 ya yi nutso a daidai ƙuryar arewa ta duniya, a 1975 kuma ya raka Yarima Charles, sarkin Ingila na yanzu, ƙarƙashin ƙanƙarar Resolute. Cewa an yarda magajin sarauta ya shiga yana nuna yadda shirin ya ƙarfafa cikin shekaru kaɗan.

Yadda ake horo a yau

Daga waɗannan shekaru ne tsarin yau ya fito. Ba a karɓar sabon shiga. Sai mutum ya ƙware da nutso a buɗaɗɗen ruwa, ya saba da busasshiyar riga, likita ya duba zuciyarsa da huhunsa. Sannan a fara a ƙasa, a tudu: a shimfiɗa igiya, a rufe wa ɗalibi ido, ya koyi ba da saƙo da karɓa ta hanyar ja, har ya zama ba sai ya yi tunani ba. Ana koyon ɗaura ƙulli da buɗe ƙugiya da safar hannu mai kauri, don yatsun da sanyi ya kama ba sa koyon sabon abu.

A tafkuna, akan yanka rami mai kusurwa uku, saboda kusurwa tana ba mutum wurin dafawa ya fito. Ana share dusar ƙanƙara daga bakin ramin a yi layuka masu fita ta ko'ina kamar wayoyin ƙafar keke. Haske yana ratsa inda aka share, don haka wanda ke ƙasa in ya ɗaga kai zai ga hanyoyi masu haske suna kai shi ƙofa. Igiya ana ɗaura ta ne a ɗamarar ƙirji, ɗaya bakin kuma a kafe shi a ƙanƙara, don ko mai riƙo ya zame kada ta tafi. Kowane mai nutso yana da detanda biyu masu zaman kansu. Ba a gwada shaƙar detanda a waje cikin iska mai sanyi, sai an nutsa shi cikin ruwa, saboda danshin numfashi yana daskarewa a ciki. Ana maimaita atisayen rufe wanda ya daskare a koma ɗayan, har a gaji. Iska ana raba ta uku: kashi ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya ajiya ce da ba a taɓawa sai ta ɓaci.

A bakin rami akwai mai riƙon igiya, da wani mai nutso a zaune cikin cikakken shiri, da igiyar da ta fi ta kowa tsawo. Dokar da ta fi ba ni mamaki ita ce ta wanda igiyarsa ta kwance. Ba a ce ya nemi ramin ba. An ce ya taso a hankali har rufin, ya tsaya wuri ɗaya, ya rage numfashi, ya jira. Mai ceto zai shiga ya yi kewaye da doguwar igiyarsa har ta taɓa shi. Duk abin da ke cikin zuciyar mutum a wannan lokaci yana ce masa ya yi iyo ya ceci kansa, horon kuwa yana koya masa ya tsaya ya amince da na sama. Shi ya sa a kwasa-kwasan kowane ɗalibi sai ya yi aikin riƙon igiya, ba shiga kaɗai ba.

A McMurdo, inda ruwan farkon bazara yake garau ana gani nesa ƙwarai, sau da yawa ba sa ɗaura wa kowa igiya. Suna sauke igiya ɗaya daga ramin mai tutoci da fitilu masu walƙiya da tukunyar ajiya, masu kula kuma suna zaune a bukkar da ke kan ramin. Sukan huda rami na biyu, don akwai wata dabba mai shayarwa da Faransawa ke kira fok, mai ɗan kama da ayu, wadda ke zuwa ta toshe ramin da jikinta tana shan iska, kuma ba a iya ture ta.

Darasi mai ɗaci da ladan shiri

Shiri bai kawar da mutuwa ba. Ranar 22 ga Yulin 2003, a tashar Birtaniya ta Rothera, wata masaniyar halittun ruwa mai shekara 28, Kirsty Brown, tana iyo a saman ruwa tana aikinta, sai wani nau'in fok mai farauta, wanda ake kira damisar teku, ya ja ta ƙasa. Abokan aikinta sun fiddo ta amma rai ya yi halinsa. Ƙwararriya ce, ba ganganci ta yi ba. Bayan rasuwarta aka ƙara doka: a tsaya a duba ruwa kafin kowa ya shiga, a ajiye mai gadi, in an ga dabbar kowa ya fita.

Mu ɗaliban tarihi kuwa, ga abin da zai faranta mana rai. A 1845 John Franklin ya bar Ingila da jirage biyu, Erebus da Terror, don neman hanyar ruwa ta arewacin Kanada. Mutum 129 suka shiga ƙanƙara, ba wanda ya dawo. Mutanen Inuit na yankin sun riƙe labarin inda jirgi ya nutse a bakinsu, kaka da kakanni, wani masanin tarihinsu, Louie Kamookak, ya shafe shekaru yana tattara shi. A 2014 aka sami Erebus a yankin da labarin baka ya nuna, a zurfin metir 11 kacal, aka sami Terror a 2016. A Afrilun 2015 masu binciken kayan tarihi da sojojin ruwan Kanada suka huda ƙanƙara mai kaurin kusan metir biyu suka sauka kan Erebus. Sun zaɓi lokacin ƙanƙara ne da gangan, don ba igiyar ruwa, ruwan ya kwanta, ga wurin kafa tanti daidai kan jirgin.

A shekarar nan ta 2015 ce Ballesta ya yi aikin da muka kalla a fada, kusa da tashar Faransa ta Dumont d'Urville. Sun kai zurfin metir 70, sun yi nutson da ya kai sa'a biyar, da riguna masu ɗumama jiki da batir. Shekara biyu suka yi suna shiri, kuma duk da haka sai da ya yi watanni kafin yatsun ƙafarsa su dawo daidai. Fim ɗin bai kai sa'a biyu ba. Shekara biyun nan ba mu gan su a salula ba.

Kammalawa

Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai. A ƙarƙashin ƙanƙara na ga karin maganar yana bukatar ƙari, don daga Heinrich zuwa yau ba wanda ya fid da kansa shi kaɗai. An yi murnar rabuwa da tiyo a 1943, amma da aka zo ƙanƙara sai da aka dawo da igiya da mai riƙe ta, aka kuma mayar da riƙon darasi na dole.

Na rubuta wannan ne don mu matasa muna son shiga, ba mu son riƙo. A ƙungiyarmu ta marubuta kowa yana son sunansa a kan muƙala, kaɗan ne ke son gyaran rubutun wani ko tsayuwa wurin fotokofi. Wannan ƙaramin abu ne. Babban shi ne, damina na tafe, tafkuna da gulabe za su cika, ƙannenmu za su tafi wanka, za a kuma shiga rijiyoyi yasa kamar kowace shekara. In an ba ka igiya, ko an ce ka tsaya a baki ka sa ido, kada ka raina aikin, kuma ka ajiye salula a aljihu. Ku yi yarjejeniyar alama kafin mutum ya sauka, ku tabbata akwai masu ƙarfin fiddo shi, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Da na je hutu na ba kawu labarin layukan haske da mai ceto da ke zaune cikin shiri. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni abu ɗaya: "Su ma yaro suke fara ba igiya?" Na ce masa kowa sai ya riƙe kafin a ce ya ƙware. Ya gyaɗa kai ya ce: "To, sun san aiki."

Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye waɗanda ke hannunmu.